2.3 Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya da Jigilar Alhazai

Asalin wannan kamfani shi ne WAAC, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1946 domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Bayan Gana ta janye, sai aka kafa reshen Nijeriya a 1958, inda gwamnati ta yi tarayya da kamfanonin BOAC da Elder Dempster. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarinsu baki ɗaya, daga baya kuma ya zama Nigeria Airways, mai alamar giwa mai fukafukai.

Mutumin Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi bai san kamfanin ta hanyar zuwa Landan ba. Jirgin ƙasa ya sani, wanda layinsa ya ƙare a Ƙaura tun 1929. Jirgin sama kuwa na aikin Hajji ne. A da, maniyyaci kan bi ta Chadi da Sudan, ya shafe watanni ko shekaru a hanya. Da zuwan jirgi sai tafiyar ta koma ta 'yan sa'o'i daga Kano, daga baya kuma daga Sakkwato, wadda ita ce hedikwatar jihar yankin kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996.

Sai dai a nan ne raunin kamfanin ya fi bayyana, domin jiragensa ba sa isa a lokacin Hajji, dole ya yi haya. Jirgin Boeing 707 da ya yi haɗari a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, ya hallaka mutum 176, na kamfanin Alia ne na Jodan. Haka kuma DC-8 ɗin da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ranar 11 ga Yuli, 1991, na Nationair ne na Kanada. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Alhaji dai sunan kamfanin ƙasarsa yake gani, bai san mai kula da jirgin ba.

An ba kamfanin KLM na Holan ragamar gudanarwa daga 1979 zuwa 1981, amma gyaran bai ɗore ba. Bashi da almundahana suka ci gaba da cin kamfanin, jiragensa suka yi ta raguwa, har ya daina tashi a 2003 a zamanin Shugaba Obasanjo, aka rushe shi a 2004, ma'aikatansa suka daɗe suna bin haƙƙoƙinsu.