Sawun Giwa a Gonar Dawa

Motarmu ta bar titin Bauchi zuwa Gombe a Dindima da la'asar sakaliya, muka karkata kudu. Mu 34 ne a ciki: ɗalibai 30 'yan ajin ƙarshe na sakandare, malamai uku, da direban da tun daga tasha yake mitar yaran nan za su karya masa kujeru. Zancen kowa a motar ɗaya ne, giwa. Dajin Yankari muka nufa, amma ba a can za mu kwana ba. Kuɗin da iyaye suka tara bai kai na ɗakunan sansanin Wikki ba, shi ya sa wani abokin aikinmu ɗan ƙasar Alkaleri ya roƙa mana masauki a ƙauyensu, wanda ke dab da iyakar dajin. A lokacin na ɗauka rashin kuɗi ne ya rage mana daɗin tafiya. Yanzu kam ko kyauta aka ba ni ɗakunan, sai na yi shawara tukuna.

Baƙo ba ya faɗa wa gari haka nan. Kafin a sauke ko jaka ɗaya sai da muka kai gaisuwa ƙofar mai gari da ɗan goronmu. Yaranmu, waɗanda a makaranta sai an yi da gaske suke rusunawa, suka ga dattawa sun tuɓe takalma, su ma suka tuɓe. Mai gari ya yi mana maraba, sannan ya gindaya sharuɗɗansa cikin murmushi: kada a shiga gonar kowa sai da mai ita, kada a kunna wuta kusa da ciyawa, kada a ɗauki hoton matan aure, kuma kada wanda ya tsallaka rafi bayan magariba. Muka ce, "Ranka ya daɗe, mun ji." An share mana ajujuwa biyu a makarantar firamare, an shimfiɗa tabarmi. Amma matan gidan mai gari suka aiko cewa 'yan mata ba za su kwana a aji ba alhali akwai ɗaki a cikin gida, suka kwashe su duka har da malamarsu.

Watan Disamba ne, hunturu ya kankama. Bayan isha'i sanyi ya sauko kamar ana zuba shi da ƙwarya, yaran da suka yi wa iyayensu gardamar ɗaukar bargo suka fara raba ido. Sabis ɗin waya kuwa sai an hau wani tudu bayan masallaci ake samun ɗigo ɗaya. Rabin awa suka yi suna ƙunƙuni, daga nan samarin gari suka hura wutar kara a dandali, aka kawo gyaɗa ana gasawa a toka. Kafin a ankara an ja layin langa, 'yan birni a gefe guda, 'yan gari a gefe guda. Ba sai na faɗi wanda aka yi wa kaca-kaca ba. Wanda ya saba tsalle da ƙafa ɗaya a kan kunya ba ɗan kwalta ne zai ture shi ba. Can dare ya yi nisa wani yaro ya ɗaga kai ya yi shiru, ya tambaye ni wane tarin taurari ne wancan a tsakar sama. Kaza da 'ya'yanta ce. Shekararsa 17, ya sha jin sunan, bai taɓa ganinta ba, domin a unguwarsu fitilun titi da hayaƙin janareta sun cinye sama.

Da asuba muka kama hanyar daji. Babbar ƙofar shiga tana Mainamaji, daga nan zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce, duk a cikin daji. Faɗin Yankari ya kai murabba'in kilomita 2,244. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi, aka buɗe shi ga masu ziyara a Disambar 1962. Ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka maido wa Jihar Bauchi da shi a 2006. Waɗannan shekarun yaran sun rubuta su a littafi saboda sun san zan tambaya, amma idonsu na kan taga.

A sansani muka shiga buɗaɗɗiyar motar zagaye tare da ja-gora, aka gangara wajen kogin Gaji. Mun ga gwambaza tsaye a bakin ruwa tana kallonmu kamar mu ne abin kallon, mun ga mazo ya gifta, mun ga kada kwance a kan yashi, da burtu biyu suna takawa cikin ƙasaita a inda aka ƙone ciyawa. Ɓauna kuwa bayanta kawai muka hango. Abin da ya fi kowa zuwa gaishe mu shi ne ƙudan tsando. Ja-gora ya riga ya faɗa cewa tsando na bin baƙin tufa da shuɗi, kuma kayan makarantarmu shuɗi ne, sai ka auna da kanka. Awa biyu ana kewaye, giwa ko ƙurarta. Ja-goran ya ce laifin lokaci ne. A Disamba ciyawa tana da tsawo, ruwa bai ƙafe a tafkuna ba, dabbobi sun bazu. Sai bazara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ƙishirwa ke tattaro su bakin Gaji. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiya ba ta hana yaro ɓata rai.

An kai mu kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka haƙa a jikin dutse, aka sa musu sunan Baturen da ya bayyana su a 1980. Ƙofar kowane ɗan zagaye ne, sai ka rusuna za ka shiga. Ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin farautar bayi. A wani ɓangaren dajin kuma akwai rijiyoyin Dukkey su 139, da kufan matoyar ƙarfe. Ke nan wannan dajin da muke gani kamar tun fil azal na namun daji ne, gari ne a da, mai maƙera da masu ɗiban ruwa.

Maɓuɓɓugar Wikki ce ta wanke musu haushi. Ruwa ne garai-garai yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, kana tsaye ciki kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana, kuma lita miliyan 21 yake zubarwa a kullum zuwa Gaji. A cikin hunturu shigarsa kamar uwa ta sirka maka ruwan wanka. Maza suka shiga, 'yan mata suka naɗe ƙafar wando can ƙasa inda bai da zurfi. Muna nan sai ihu ya tashi daga sama: wani ƙaton gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun direbanmu, ya hau bishiya ya zauna yana ci yana kallonsa. Birran sansanin sun san leda fiye da yadda suka san kanya. Direba ya yi ta Allah ya isa har muka fito ƙofa.

Da a nan muka juya gida, kamar yadda yawancin motocin makarantu ke yi, da labarin ke nan: mun yi wanka, biri ya yi sata, ba mu ga giwa ba.

Kwana na uku ba mu tsara komai ba, garin ne ya tsara mana. Kaka ce, kowa na da aiki. Aka raba yaran. Wasu suka bi amalanke zuwa ɗauko damman dawa, wasu suka tafi masussuka. A nan ne wata yarinya da ke cewa tana zuwa wajen motsa jiki a birni ta karɓi taɓarya, ta yi bugu goma sha wani abu ta ajiye tana duba tafin hannu. Tsohuwar da ke kusa da ita ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "'Yar nan, kawo, kada ki je ki ce wa uwarki mun ɓata miki hannu." Ta koya mata shiƙa maimakon haka, yadda ake juya wa iska baya a ɗaga ƙwarya sama, ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zubo. Ranar ƙaiƙayi ya shiga wuyan kowa, aka yini ana susa. Wasu samarin suka bi masunta rafi da koma da gora, suka dawo da tarwaɗa huɗu da taɓo har gwiwa, suna tafe suna tsinkar magarya. Ni kuma na bi waɗanda suka je rugar Fulani sayen nono, muka tarar ana tatsa, aka dama mana fura a sabuwar ƙwarya.

Da hantsi wani dattijo, wanda aka ce a zamaninsa babu maharbi kamarsa a yankin, ya ji yaran na ƙorafin giwa. Ya dube su ya ce, "Jikokina, giwa kuke nema? Ku biyo ni." Muka bi shi tafiyar kusan rabin awa zuwa gonar ƙanensa, ta ƙarshe kafin iyakar daji. Rabin gonar a kwance take, kara a tattake kamar an bi ta kansa da tirela, zangarniya an zuge ta. A inda ƙasa ke da laima ga sawu nan, kowane kamar faifai. Wani yaro ya sa ƙafafunsa biyu a cikin guda ɗaya, da sauran wuri. Ga kashi tuli-tuli, ya bushe, tsabar dawa na leƙowa daga ciki. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci, sannan wayoyi suka fito.

Dattijon ya ce dare ɗaya suka yi wannan aikin, makonni kaɗan kafin girbi. Babbar giwa takan ci fiye da kilo 100 na abinci a yini, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Giwayen Yankari, waɗanda ƙiyasin da aka fi ambata ke cewa tsakanin 100 ne da 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, kuma dajin ba shi da katanga. Da dawa ta fara nuna, masu gonakin bakin iyaka sai su ƙaura gona. Ya nuna mana 'yar rumfar da suke kwana a kai, da gwangwanayen da suka rataya a igiya, da tokar wutar da suke hurawa. Makamansu ke nan, da tocila, da maƙogwaro. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta ƙulla yarjejeniyar aiki tare da gwamnatin jiha a dajin, an rataya wa wasu giwayen na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa. Malamin kimiyyarmu ya ba shi labarin yadda a Kenya ake kewaye gona da amya, saboda giwa na tsoron ƙudan zuma. Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce in dai zumar ta mai gona ce, a kawo.

Wani ɗalibi ya tambaye shi, "Baba, to me ya sa ba ka harbe ta ba?" Ya ce doka ta hana, kuma ko ba doka, shi ya ajiye bindiga. Bai ƙara ba, mu ma ba mu matsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jiya mun biya kuɗi mu ga giwa ta ƙi fitowa, ga mutanen da take zo wa har gona kyauta, suna roƙon Allah kada ta zo. Darasin muhalli da na shekara ina yi a allo bai shiga kan yaran nan ba kamar tsayuwar minti 20 a wannan gonar.

A nan nake da magana da 'yan'uwana masu shirya irin wannan tafiya, malamai ne ko ƙungiyoyin matasa ko ma'aikatan ofis. Mukan loda komai daga birni, shinkafa da lemo har da ruwan leda, mu wuce ƙauyukan bakin daji a guje, rabonsu da mu ƙura kawai. Alhali su ke ɗauke da nauyin dabbar da muka zo kallo. Mu da muka kwana uku, gero da itace da nono da kaji duk a garin muka saya, matan da suka yi mana tuwo aka biya su, yara suka kwashe zuma da taura da gyaɗa tsaraba. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma a garin ya zauna. Sai dai a kiyaye, ƙauye ba gidan kallo ba ne. Matar da ke sussuka abincin shekara take haɗawa, in ta ba ɗanka taɓarya alfarma ta yi masa. Rijiyar garin ma ɗaya ce, kuma mutum 34 ba ƙaramin ɗiba ba ne, don haka samarinmu muka sa su ja guga da kansu, bayan matan gari sun gama.

Daren ƙarshe aka yi kokawa a dandali, da kalangu da komai. Ɗaya daga cikin yaranmu ya yi sa'a ya kayar da nasu, garin ya ɗauki sowa fiye da mu. Da safe mai gari ya rako mu har bakin mota, aka cusa mana dami biyu na dawa a bayan kujera, direba bai ce uffan ba.

Mai son ganin giwa ido da ido ya shirya tafiyarsa a watan Maris, ya kuma bar shuɗin kaya a gida. Wanda zai zo da kaka irin tamu, ya aika wa mai gari tun da sauran mako biyu, ya zo da tabarmarsa da maganin sauro, kuma don Allah kada ya yarda yaro ko ɗaya ya hau mota ba bargo.