Tikitin Jirgin Ruwa Ba Biza Ba Ne

Wata magana ta daɗe tana zagaya zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, duk lokacin da aka ɗauka ta mutu sai wani ɗan kamasho ya sake hura mata wuta. Wai wanda ya sayi tikitin babban jirgin ruwan shaƙatawa da ke zagaya tekun Bahar Rum ba ya buƙatar biza, saboda wai teku ba ta kowa ba ce, tikitin kansa shi ne takardar izini. Sai a haɗa da hoton ƙaton jirgi mai hawa goma sha wani abu, da wurin ninƙaya a samansa, a rubuta a ƙasa cewa gurbi ya kusa ƙarewa, a hanzarta biyan kafin alƙalami. Abin haushin shi ne ba jahilai kaɗai ke faɗawa ba. Har da 'yan kasuwar da suka saba zuwa Dubai da Saudiyya, da sababbin ma'auratan da suka yi tanadi don hutun amarci. Maganar ƙarya ce tun daga tushenta, kuma ya kamata a warware ta dalla-dalla kafin ta ƙara cinye dukiyar mutane.

Shi dai wannan jirgi otal ne da ke tafiya bisa ruwa. Kamfanoni irin su MSC da Costa da Royal Caribbean ke da su. Wata tafiyar mako guda takan tashi daga Basalona a Sifaniya, ta biya Marsey a Faransa, ta shiga Jenowa da Napoli a Italiya, ta dawo inda ta faro. Da dare ana tafiya, da safe a wayi gari a sabon birni.

Tambayar farko da mai hankali zai yi wa dillalin ita ce: a ina zan hau jirgin? Jirgin nan ba ya zuwa Legas ko Tema ko Duwala ya ɗauki fasinja. Dole mutum ya hau jirgin sama daga Kano ko Abuja ko Yamai ya sauka a Sifaniya ko Italiya ko Girka, kuma dukkansu suna cikin yankin Shengen mai ƙasashe 29 da suka haɗa iyakarsu ta waje. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan ba ya shiga wannan yanki sai da biza. Ke nan tun a filin jirgin sama na gida za a tsayar da shi, ba sai ya ga ruwan teku ba. Ma'aikatan kamfanin jirgin ba mugunta ce ta sa suke tsanantawa ba. Tun shekarar 2001 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta ɗora wa duk kamfanin da ya kawo mutum ba cikakkun takardu tarar dubban yuro a kan kowane kai, sannan ya mayar da shi inda ya ɗauko shi da kuɗin aljihunsa. Dokar ta hau kan jirgin ruwa kamar yadda ta hau kan jirgin sama. Wane kamfani ne zai ɗauki wannan asara don ya faranta wa fasinja ɗaya rai?

Sai batun cewa teku ba ta kowa ba ce. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ke shiga kunne. Can tsakiyar teku ba ƙasar da ke da iko, amma kowace ƙasa tana da ruwanta da ke iya kaiwa mil 12 daga gaɓarta, kuma tashar da jirgi ke tsayawa ƙasarta ce sosai. Jirgin shaƙatawa kuwa kusan kowace safiya a tasha yake. Dokar iyakokin Shengen ta wajabta wa kyaftin ya aika wa jami'an shige da fice jadawalin tafiyarsa da sunayen duk waɗanda ke ciki kafin ya iso. Sunanka da lambar fasfonka sun riga ka sauka. Wani zai ce, to ni ba zan sauka ba, a ɗakina zan zauna har jirgi ya tashi. Kamfanonin sun riga sun toshe wannan ƙofar a cikin sharuɗɗan tikitinsu: fasinja ne ke da alhakin mallakar bizar duk ƙasar da ta buƙace ta a kan hanyar, ko zai sauka ko ba zai sauka ba. Dalilin a fili yake. Ciwo na iya kama mutum a kai shi asibiti a gari, inji na iya lalacewa a sauke kowa, iska na iya sa a sauya tasha. A irin wannan rana ba wanda zai tsaya sauraron cewa niyyarsa ta zama a ɗaki ce.

A zauren hawa jirgi ake ganin ƙarshen gardamar. Masu dako sun karɓi manyan akwatuna tun a bakin ƙofa, kowanne da takardar lambar ɗaki a maƙale a hannunsa. Fasinja ya bi layi, ya wuce na'urar bincike, ya iso teburin ma'aikaciya. Za ta buɗe fasfo ta duba ranar ƙarewarsa, ta juya shafuka ɗaya bayan ɗaya tana neman tambarin biza, ta karanta ranar farawa da ta ƙarewa da adadin shigar da aka yarda masa. In komai ya yi daidai sai ta ɗauki hotonsa ta ba shi katin jirgi, wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne kuma abin da zai riƙa sayayya da shi. In bai yi daidai ba za ta kira na gaba da ita, a ja mutum gefe, a aika a nemo akwatinsa cikin dubban akwatuna. Kuɗin tikiti kuma ya tafi, domin a ƙa'idar kamfanonin rashin takardu laifin fasinja ne.

Wani kuma zai kafa hujja da cewa ai wane ya je ya dawo, ba a tambaye shi biza ba. A bincika da kyau. Sau da yawa wanen nan yana da fasfon Ingila ko Amurka ban da na gida, ko yana riƙe da takardar zama a wata ƙasar Turai, ko kuma ma'aikacin jirgi ne, su kuwa dokarsu daban take. Ba ya faɗa, masu sauraro ba sa tambaya. Akwai ma tarkon da ke kama masu bizar kansu, wato adadin shiga. Idan jirgi ya tashi daga Girka ya tsaya a Kusadasi ta Turkiyya, ko ya bar Italiya ya leƙa Tunisiya, to ya fita daga Shengen. Mai bizar shiga sau ɗaya bizarsa ta ƙone ke nan, ba shi da izinin komawa. Irin wannan tafiya tana son bizar shiga sau da yawa, sannan a tambayi kamfani a rubuce abin da ita ƙasar ta waje take buƙata daga mai irin fasfonka.

Masu cewa tsarin bizar ba adalci a cikinsa suna da gaskiyarsu. Kuɗin nema ya kai yuro 90 tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa ko an hana mutum, kuma 'yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka fi hanawa. Wannan abin ƙorafi ne na halak. Amma zafin da mutum ke ji ba ya sauya abin da ma'aikaciyar tebur za ta nema, kuma da wannan zafin ne macuta ke farautar mutane. Mu ma faɗi wadda ake ɓoyewa: wasu masu sayen tikitin ba hutu suke nema ba, so suke su sulale a Basalona ko Napoli su shiga ci-rani. Katin jirgin nan ana goga shi a na'ura duk fita duk shiga, kafin jirgi ya ɗaga an san wanda bai dawo ba, an miƙa sunansa ga hukuma. Tun Oktoban 2025 kuma Turai ta fara ɗaukar zanen yatsu da hoton fuskar baƙi a iyakokinta. Wanda ya sulale ya jawo wa kansa haramcin shiga, ya kuma ƙara wa 'yan uwansa masu tafiyar gaskiya wahalar samun biza. Wannan son kai ne, ba wayo ba.

Ga mai niyyar hutu tsakani da Allah, hanya a buɗe take, sai dai tana son tsari. Ana iya neman biza tun watanni 6 kafin tafiya, a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun yi daidai sai a je na ƙasar da za a fara shiga. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, don haka kada a biya kuɗin jirgi gaba ɗaya a tikitin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Dole a yi inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Dokar Shengen tana son fasfo ya rage da watanni 3 bayan ranar fita, amma kamfanonin jiragen ruwa da dama watanni 6 suke nema, a bi mafi tsauri. A nemi lambar rajistar tikiti daga dillali a duba ta a shafin kamfanin da kai, in ya fara kame-kame an san inda aka dosa. Sannan a sauka garin tashi da kwana ɗaya kafin ranar hawa. Jirgin sama kan yi jinkiri, kaya kan maƙale a hanya, shi kuwa jirgin ruwa ba ya jiran kowa, yana rufe ƙofar rajista tun da sauran sa'a ɗaya ko biyu ya tashi. Wanda tikitinsa ya ce Rum ya sani tashar tana Civitavecchia ne, tafiyar kimanin kilomita 80. Wanda nasa ya ce Banis ya karanta da kyau, domin tun Agustan 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin, wasu sun koma Marghera, wasu har Ravenna ko Trieste.

Fasfo da magunguna da kayan sawa na yini ɗaya a riƙe su a jakar hannu, domin babban akwati sai yamma yake isa ɗaki. Hajiya ta bar kaskon turaren wuta da gawayinsa a gida, haka ma dutsen guga da butar lantarki, duk za a ƙwace su saboda ba abin da jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Kilishi da dambun nama ma kwastam na Turai ba sa barin su shiga. Mai ɗauke da tsabar kuɗi daga yuro 10,000 zuwa sama ya bayyana. A tanadi kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, kuma a gaya wa kamfani tun wuri in ana son abincin halal. Mai ciki da ta kai mako 24 yawanci ba a ɗaukarta. Atisayen ceto da ake yi ranar farko ba wasa ba ne: bayan da jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka mayar da shi wajibi kafin tashi ko da zarar an tashi. A kowace tasha kuma ana rubuta lokacin dawowa a allon bakin ƙofa, galibi rabin sa'a kafin ɗagawa, da agogon jirgi ba na waya ba. Wanda ya shagala a kasuwa ya makara, shi zai nemi jirgin ƙasa ko na sama da kuɗinsa ya tari jirgin a tasha ta gaba, in tashar tana wajen Shengen kuma sai bizarsa ta yarda masa.