Rabon Arzikin Ƙasa: Wa Ke Ciyar da Wa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau maganar kuɗi ce a gabanmu: yadda ake raba arzikin Najeriya tsakanin yankunanta, mutanen da suka yi fafutuka a kai har wasu suka rasa rayukansu, da kuma gorin da ke shiga tsakanin Kudu da Arewa duk lokacin da aka taso da zancen. Sai a gyara zama.

(KIƊA)

Kowane wata, kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 kan zauna da jami'an gwamnatin tarayya su raba abin da ya shigo asusun ƙasa. Kafin a raba, ana fitar da kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai a ba jihohin da aka haƙo su. Abin da ya rage, tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Mai sauraro, babu ko lamba ɗaya a cikin waɗannan da aka same ta cikin ruwan sanyi.

Rigimar ta girmi ƙasar kanta. Lokacin da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, babban dalilinsa lissafin kuɗi ne. Gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta, sai Landan ta yi mata ciko, Kudu ma ta ba da nata. Kudu kuwa tana da rara, domin tashoshin jiragen ruwa a hannunta suke, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai yake fitowa, barasar da aka hana sayar wa mutanen Arewa. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren. Arewa ba ta da teku. Duk atamfar da aka sayar a kasuwar Kurmi, a bakin ruwa aka karɓi kuɗin fitonta, aka rubuta shi a littafin Kudu. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, barasa da kuma wurin da ake karɓar haraji, domin a kansu ake ta musu har gobe.

A taron tsarin mulki da aka yi a Badun a 1950, wakilan Arewa sun nemi a raba kuɗi bisa yawan jama'a. Yamma, wadda kokonta ke tsada a kasuwar duniya, ta fi son kowa ya ci abin da ƙasarsa ta fitar. Gabas, da ba ta kai su samu ba a lokacin, ta karkata ga a duba buƙata. Daga 1954 kowane yanki ya riƙe hukumar cinikin amfanin gonarsa. Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Arewa, mai dalar gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos, ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A tsarin da aka bi bayan samun 'yancin kai, yankin da aka haƙo ma'adini a cikinsa yana riƙe rabin kuɗin da aka samu daga hayar fili da ladan haƙa.

Sai fetur ya fito. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, daga nan kowa ya sake lissafi. Waɗanda da suke cewa a duba buƙata suka koma cewa kowa ya ci nasa, waɗanda kayansu suka faɗi suka koma kiran a raba daidai. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin soja ta yi doka cewa duk man da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar tarayya ne. Kason masu mai ya sauka daga 50 zuwa 45 a 1970, ya koma 20 a 1975, har ya gangaro kashi 1.5 a farkon shekarun 1980.

(KIƊA)

A nan ya kamata mutumin Arewa ya tsaya ya saurara da kyau, domin sau da yawa ana ba mu labarin Neja Delta ne daga wajen fasa bututu kawai. Masuncin da ɗanyen mai ya malale masa rafi ya rasa sana'arsa. Manomin rogon da wutar iskar gas ke ci dare da rana kusa da gonarsa shi ma ya rasa tasa. Kuma yana kallo ana gina sabon babban birni da kuɗin da ya fito daga ƙarƙashin gidansa.

A watan Fabrairun 1966 wani matashi ɗan ƙabilar Ijo, Isaac Adaka Boro, ya ɗauki makami ya ayyana jamhuriyar Neja Delta. Kwana 12 aka murƙushe shi. A 1990 mutanen Ogoni suka fitar da takardar buƙatunsu, marubuci Ken Saro-Wiwa ya zama kakakin fafutukarsu ta lumana. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye shi da mutum takwas a Fatakwal, bayan wata kotun musamman ta ɗora musu alhakin kisan wasu dattawan Ogoni huɗu, shari'ar da duniya ta yi tir da ita. A Disamban 1998 matasan Ijo suka taru a Kaiama suka ce arzikin ƙasarsu nasu ne. Kashi 13 da aka rubuta a sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 da jini aka saye shi. Ko a haka wutar ba ta mutu ba, sai da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsageru afuwa a 2009. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kuma ya ce share ƙasar Ogoni kaɗai zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Akan ji wasu a Arewa suna cewa ai da kuɗin gyaɗa aka haƙo man. Gaskiya ne gyaɗa da auduga sun riƙe baitulmalin ƙasa shekara da shekaru, an gina layin dogo da tashoshi da makarantu da gumin manomi. Amma kamfanin Turawa na Shell-BP ne ya zuba jarin neman man. Idan muna son a ji hujjarmu, mu kawo wadda za ta tsaya da ƙafarta.

(KIƊA)

A 'yan shekarun nan rigimar ta tashi daga rijiyar mai ta koma kanti. Harajin cinikayya, wanda aka fi sani da VAT, ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020. Duk wanda ya sayi katin waya ko buhun siminti ya biya shi, ko ya sani ko bai sani ba. A watan Agustan 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa jihar Ribas ce ke da ikon karɓar wannan haraji a ƙasarta. Gwamnan jihar na lokacin, Nyesom Wike, ya yi maza ya sa hannu a dokar jiha, Legas ta bi sahu, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake.

Hujjar Kudu ita ce alƙaluma. A 2017 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta ce kashi 55 cikin 100 na wannan haraji daga Legas yake fitowa. Suka haɗa da maganar giya: yaya za a yi Hisba ta tara kwalabe ta bi ta kansu da motar daɓe, sannan ƙarshen wata jihar ta miƙa hannu a raba harajin giyar da ita? Suka kuma tuno cewa ƙidayar 2006 ta nuna Kano da Legas kusan kunnen doki suke a yawan jama'a, amma Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Legas 20, kuma kowace ƙaramar hukuma da kasonta. Shi kansa Bola Tinubu, yana gwamnan Legas, ya ƙirƙiro sababbi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar har aka je Kotun Ƙoli.

Amsar Arewa ita ma tana da nauyi. Manyan kamfanonin waya da bankuna da masana'antu a Legas suke da hedikwata, a can suke miƙa harajin da suka tara daga ko'ina. Ɗan tireda a Gusau ya sa kati, an cire masa haraji, amma a takarda Legas ce ta biya. Sannan abin da Arewa ta fi samarwa, wato hatsin Dawanau, shanun Potiskum, albasar Aliero da tumatirin Kadawa, abinci ne, kuma doka ta ɗauke wa kayan abinci na yau da kullum wannan haraji don talaka ya samu sauƙi. Manomi ya ciyar da ƙasa, littafin haraji bai san da zamansa ba.

Da a kan alƙaluma aka tsaya, da da sauƙi. Sai magana ta koma gori. A shafukan sada zumunta ana kiran 'yan Arewa ci-ma-zaune, su kuma suna mayar da martani da cewa a bari a ga wanda zai sha fetur idan yunwa ta zo. An ma gwada. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da lodi zuwa Kudu kusan mako guda. Nama da albasa suka yi tashin gwauron zabo a Legas. A daidai lokacin kuma tumatir ya yi kwantai a gonakin Arewa, manoma suka tafka asara. Yajin ya nuna wa kowa cewa mai saye da mai sayarwa ba wanda ke iya rayuwa ba ɗan'uwansa.

(KIƊA)

A watan Oktoban 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji huɗu, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A tsohon tsari, kason jihohi na VAT ana raba rabinsa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda kuɗin ya fito. Sabon ƙuduri ya nemi a ɗaga na ƙarshen zuwa 60. Gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume suka fito fili suka soki ƙudurin, malamai suka kai shi kan mumbari. Kwamitin ya ce an yi masa mummunar fahimta, domin za a riƙa lissafawa ne da wurin da aka yi amfani da kaya, abin da zai rage wa Legas ne ma. 'Yan Arewa suka ce to ina alƙaluman, kuma wa zai riƙe su?

Daga ƙarshe aka haɗu a tsakiya. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta bar harajin a 7.5, ta rage kason tarayya daga 15 zuwa 10, ta ɗaga na jihohi zuwa 55. A tsakanin jihohi kuwa, rabi daidai, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kayan. Ba wanda ya samu duk abin da ya nema, kuma ta hanyar majalisa aka warware, ba a zubar da jini ba.

To amma mai sauraro, ga abin da ba a cika faɗa ba. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskar ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa. A wannan rahoto, jihar da ta fi kowace shiga wannan hali ita ce Sakkwato. Wadda ke bi mata kuwa Bayelsa ce, inda aka fara haƙo mai, wadda ke karɓar kashi 13 kowane wata. Ashe ƙarin kaso kaɗai ba ya kai ruwan famfo ƙauye. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin da jihohi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Gwamnan da ke kukan Abuja ta danne shi, shi ma akwai masu kukan ya danne su. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Arewa tana da tarihin irin wannan fafutuka. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kan haraji da jangali, kuma da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki a Kano da Kaduna a 1979, suka soke su. Waɗancan mutane sun tambayi shugabannin gida ne ina kuɗin talaka yake tafiya.

Saboda haka kiranmu a yau shi ne: a ci gaba da kare kason Arewa da hujja da alƙaluma, a kuma yarda cewa mutumin Neja Delta da na Legas suna da tasu gaskiyar. Jihohinmu su tashi su tattara bayanan cinikin da ake yi a kasuwanninsu, domin kashi 30 na sabuwar doka sai mai shaida zai ci shi. Kai kuma mai sauraro, ana buga abin da jiharka da ƙaramar hukumarka suka karɓa kowane wata. Ka nemo shi, ka tambayi kansilanka da ɗan majalisarka me aka yi da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)