Keke Da Hanyar Burji: Jarin Da Ke Kwance A Ƙasar Katagum

GOLOLO (Jihar Bauchi) — Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin sufuri a karkarar arewacin Jihar Bauchi ya sake kama. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000 a wurare da dama. Manomin da ke Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa, ba ya bukatar a karanta masa waɗannan alƙaluma, domin kuwa yana ganinsu a kuɗin da ɗan acaɓa yake caza kafin ya kai masa buhun gero ko na wake daga gona zuwa bakin kasuwa. Wannan ne ya sa keke, wanda aka fara yi wa kallon abin hawan tsofaffi da 'yan makaranta, ya cancanci 'yan kasuwa su sake dubansa da idon basira.

Abin mamaki shi ne, irin hanyar da mutanenmu suke ƙorafi a kanta, watau hanyar burji wadda babbar mota ba ta cika bi ba, ita ce wasu ƙasashe suka mayar hanyar samun kuɗi. A garin Emporia na Jihar Kansas ta Amurka, mutum 34 ne suka fara tseren keke na mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na tuddan Flint a 2006. Yanzu dubban mahaya ne suke cika masaukai da gidajen abinci na wannan ƙaramin gari kowace shekara. A yankin Tuskani na Italiya kuwa, an ƙirƙiro hawan L'Eroica a 1997, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a hana malala kwalta a kan fararen hanyoyin tsakuwa na yankin. Kenya ta bi sahu a 2021 da tseren kwana huɗu a ƙasar Masai Mara, sannan a 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya.

To, amma fa kada mai karatu ya ɗauka cewa ana nufin gobe Turawa za su cika Gololo da kekuna. Darasin da ke cikin labarin ya fi haka sauƙi: hanyar da ba ta da kwalta dukiya ce idan an kula da ita, keke kuma shi ne abin hawan da ya fi kowane cin moriyarta. Mai tafiya a ƙasa yana cin kimanin kilomita 5 a awa guda. Mai keke a kan burji mai tauri yana ninka haka sau biyu ko uku, ga kaya a kariya, ba tare da ya sayi ko cokali ɗaya na mai ba. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief take rarrabawa a gabashi da kudancin Afirka an ƙera kariyarsa don ta ɗauki kilo 100, kusan nauyin babban buhun hatsi ke nan. Kai, har ma tayar tsohon keken Raleigh da kakanninmu suka hau, mai faɗin inci ɗaya da rabi, kusan faɗinta ɗaya da tayar kekunan tsakuwa masu tsada da ake yayi a Turai a yau.

Matsalar ƙasar Gamawa ba tudu ba ce, domin shimfiɗaɗɗiya ce. Matsalarta rairayi. Inda amalanken shanu da babura suka tone hanya, tayar keke takan nutse, sai mahayi ya sauka ya tura, kuma duk ribar saurin da aka ambata ta tafi. Da damina kuwa, kwari ɗaya da ba shi da kwalbati ya isa ya raba ƙauye da kasuwa na kwanaki. Na uku shi ne ƙaya, musamman tsidau, wanda ya sa mai faci bai taɓa rasa ciniki a bakin kasuwar ƙauye ba. Biyun farko aikin hukuma ne: a zuba marmara, a daddanne ta, a ɗaga tsakiyar hanya yadda ruwa zai gangara gefe, a haƙa lambatu, a sa kwalbati inda ya kamata. Gaskiya ne cewa a ƙasar rairayi sau da yawa sai an ɗauko marmarar daga nesa, abin da ke ƙara tsadar aiki. Duk da haka kuɗin kilomita ɗaya na kwalta yana iya gyara kilomita da dama na burji.

Nijeriya ta taɓa gwada wannan. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI domin samar da abinci da hanyoyi da raya karkara, kuma ta buɗe dubban kilomitoci na hanyoyin burji a faɗin ƙasar nan. Abin da ya kashe yawancinsu shi ne rashin tanadin gyara. Hanyar burji ba a gama ta rana ɗaya a juya baya: ruwa da iska da tayoyi suna cinye samanta kowace shekara, tana bukatar gireda ta bi ta a kai a kai, bayan 'yan shekaru kuma a ƙara mata sabuwar marmara. A ganin wannan marubuci, kasafin da ya ware kuɗin buɗe hanya bai ware na gyaranta ba, bashi ne kawai aka ci wa manomi.

Akwai dama biyu a halin yanzu. Ta farko ita ce shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, kuma Bauchi tana cikin jihohin da suka shiga. Ta biyu ita ce hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga watan Yuli na 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu gini da gyaran hanyoyin cikin yankunansu, har ma, ga wanda ya manta, da bayar da lambar keke da ta amalanke. Dattawa suna tune da zamanin da ɗan doka yake tare mutum a kan lambar keke. Idan ƙaramar hukuma tana da ikon karɓar kuɗi a kan keke, ai babu laifi a tambaye ta hanyar da keken zai bi.

Ga ɗan kasuwa kuwa, inda kuɗin yake ba a sayar da sabon keke kaɗai ba ne. Masana'antar Raleigh da ta yi suna a Kano ta zama tarihi, kekunan da ke kasuwa yanzu daga Sin da Indiya ake shigo da su, ko kuma na hannu ne daga Turai, saboda haka farashinsu yana bin dala. Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin hukuma a watan Mayu na 2023 ta wuce Naira 1,500 a 2024. Idan sabo ya yi tsada, tsoho ake rayawa, kuma nan ne cinikin taya da tib da kaca da birki da feda yake bunƙasa. Dillalin da ke Azare wanda zai riƙa saro waɗannan daga Kano, ya bi masu faci na Gamawa da Udubo da Gololo da su a kan bashin mako guda, jarinsa zai riƙa juyawa da sauri fiye da na mai jiran a zo a sayi keke sukutum. Haka nan maƙeri ko mai walda da zai ƙware wajen ƙarfafa kariya da haɗa 'yar tirelar da keke zai ja. Akwai kuma ruwan danƙon nan da mahayan tsakuwa suke zubawa cikin taya, wanda yake toshe hujin ƙaya nan take. Wanda ya fara kawo shi a ƙaramin mazubi da farashin da manomi zai iya, ya sami kasuwar da tsidau ya riga ya share masa fage.

Bashin keke ma abin dubawa ne ga ƙungiyoyin gama kai da ƙananan bankuna. Ma'aikacin lafiya na ƙauye, malamin firamare, mai tallan kayan koli da ke bin kasuwannin mako, duk suna kashe kuɗin acaɓa kullum. Abin da suke kashewa a wata, idan aka mayar da shi biyan bashi, a ƙarshe keken ya zama nasu.

Game da hawan nishaɗi, masarautar Katagum ba ta rasa wurinsa ba. A kudu maso yammacin Azare akwai duwatsun Shira, masu tsoffin zane-zane a jikin dutse, ga hanyoyin ƙasa da ke ratsa gonaki a gindinsu, nesa da tirelolin babban titin Kano zuwa Maiduguri. Masu hawan farko ba sai sun zo daga waje ba: ɗaliban Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare sun isa a fara hayar keke ta ƙarshen mako da su, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe kuma zafi bai sauka ba. Wannan lokacin ne kuma amfanin gona yake fitowa, don haka gireda da za ta yi wa manomi da mai yawon buɗe ido amfani, a watan Oktoba ya kamata a gan ta a kan hanya, da zarar ruwa ya ɗauke.