SATAR GIDA: DOKAR DA TA FI JAWO GARDAMA A ƘWALLO

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Agege ko Sabon Ibadan ya san ba abin da ke tada jijiyar wuya kamar a jefa ƙwallo a raga, sa'an nan mai tuta ya ɗaga tutarsa. Wani ya ce ofsayid, wani ya ce satar gida, wani kuma satar fage. Duk abu guda ake nufi, watau doka ta 11 cikin dokokin wasan.

Sunan da Bahaushe ya raɗa ya dace. Raga da kewayenta su ne gida, shi ya sa ake ce wa gola mai tsaron gida. Wanda ya laɓe bayan masu gida yana jiran a miƙo masa, ai sata ya zo yi.

To, ga inda da yawanmu ke kuskure. Ba lokacin da ɗan wasa ya karɓi ƙwallo ake dubawa ba, lokacin da abokinsa ya bugo masa ne. In a sa'an nan yana cikin rabin filin abokan karawa, ya wuce ƙwallo, kuma babu mutum biyu nasu tsakaninsa da layin gida, to ya yi sata. Gola yakan zama ɗayan biyun, amma ba tilas ba ne. Tsayuwa kawai ba laifi ba ce, sai ya shiga wasan. Haka kuma babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola.

Da can mutum uku ake bukata. A 1925 aka mai da su biyu, nan da nan ƙwallayen babban rukunin Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 cikin kaka guda. Tun 1990 kuma, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da na biyun bai yi laifi ba.

Mai tuta ma ɗan Adam ne. A gasar cin kofin duniya ta 2014 an soke ƙwallon Edin Dzeko na Bosniya bisa kuskure, Nijeriya ta yi nasara da ci 1 da nema. A gasar 2018 aka fara duba bidiyo, amma gardama ba ta ƙare ba.

Saboda haka 'yan'uwa, kafin mutum ya ci kwalar maƙwabcinsa a baƙon gari, ya fara ƙirga mutum biyun nan tukuna.