Saƙa Safa Mai Zane da Daidaita Ta da Ƙafa

Saƙar safa mai zane tsohuwar sana'a ce. Daga cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka samu a duniya akwai safunan da aka tono a ƙasar Masar, waɗanda aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Da zaren auduga aka yi su, fari da mai shuni, wasu ma har da rubutun Larabci a jikinsu. A Turai kuwa, wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle a arewacin Sikotilan ya yi fice wajen irin wannan saƙa ta ulu, inda akan yi amfani da launi biyu kawai a kowane layi.

To amma safa mai zane tana da wata matsala. Idan masaƙiya tana aiki da farin zare, shuɗin yakan bi ta baya yana jiran lokacinsa. Wannan zare na baya ba ya miƙewa kamar sauran saƙar. Saboda haka safa mai launi biyu ta fi mai launi ɗaya tsauri. Sau da yawa mutum yakan yi kwanaki yana saƙa, ya gama, sannan safar ta ƙi wuce dunduniya. Dalili kuwa shi ne, wurin da ya fi faɗi a ƙafa shi ne zagayen da ya taso daga dunduniya ya bi ta kan gabar idon sawu, kuma dole bakin safa ya ratsa ta nan.

Maganin wannan shi ne awo tun kafin a fara. Da farko akan saƙa ɗan ƙyalle na gwaji da zanen da ake so, a wanke shi, ya bushe, sannan a ƙirga madaukai nawa ne a cikin santimita 10. Alal misali, idan zagayen tafin ƙafa santimita 22 ne, akan rage kamar kashi ɗaya cikin goma don safar ta kama ƙafa, watau ya koma 20. Idan madaukai 32 ne ke ba da santimita 10, ana bukatar 64 ke nan. Wannan lissafin safa mai launi ɗaya ne. Ga mai zane, ba a rage awon sosai, shi ya sa masaƙa da yawa sukan kai 72.

Sai dai ba a ƙara madaukai da ka. Idan zanen yana maimaita kansa bayan kowane madauki 8, dole jimlar ta rabu da 8 daidai, kamar 64 ko 72, in ba haka ba zanen ya yanke a tsakiya. Idan 64 ta matse, 72 kuma ta yi yawa, sai a sauya kaurin tsinke maimakon adadin madaukai.

Wasu kuma sukan juya safar ciki waje suna saƙa, don zaren baya ya bi doguwar hanya ya sami sassauci. Kuma da an saƙa kamar tsawon yatsa, ya kamata a gwada a ƙafa. Warware layi goma ya fi sauƙi a kan warware safa guda.