Rubutun Da Ya Ƙi Girma A Waya

Ran Talatar da ta wuce, bayan an tashi makaranta, uwar wata ɗalibata ta same ni a aji, ta miƙo mini wayarta tana sunkuyar da kai. Wai in karanta mata sakamakon awon jininta da aka ce ta duba a intanet. Ba rashin karatu ba ne, ta gama firamare, ɗinki ma take yi. Idanu ne suka fara gajiya. Ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin wayar ta ware su, yadda kowa yake yi in yana so rubutu ya ƙara girma, amma rubutun nan ko gezau. Ni ma na gwada, haka. Ala tilas na karanta mata, na san abin da bai kamata in sani ba.

Ita a zatonta wayar ce ta lalace, alhali kuwa masu gina shafin ne suka sa wani ɗan layin umurni wanda yake hana faɗaɗawa. Da can suna da 'yar hujja, don waya takan yi jinkirin kusan sulusin daƙiƙa in an taɓa ta, tana jiran ko za a sake taɓawa don a faɗaɗa, hanawar kuwa takan kawar da jinkirin. An daɗe da gyara wannan. Abin da ya rage shi ne son kwalliya, kada a karkata musu tsarin shafi.

To, kwalliyar wa? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da larurar gani. Kuma da zarar mace ta haura shekara 40, ganin kusa yakan fara raguwa, shi ya sa iyayenmu suke kiranmu mu zura musu zare a allura. Zaren allura dai ba sirri ba ne, amma kuɗin ajiyarki a banki fa, ko takardar asibiti? Tun 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta ce ya kamata a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. A 2016 kamfanin Apple ya sa Safari ta wayar iPhone ta daina bin umurnin hanawar.

Yawancinmu Android muke riƙewa. In Chrome kike amfani da ita, ki shiga saitunanta, ki nemi sashen sauƙaƙa wa masu larura, ki kunna wurin tilasta faɗaɗawa. In wayar da Turanci take, za ki ga an rubuta "Force enable zoom". Na kunna wa baiwar Allahn nan kafin ta tafi. Ta ware yatsunta, ta karanta layin ƙarshe da kanta, ta ce, "Malama, ashe ba sai na zo ba."